Kafin ka gaskata lambar da tauraro ya ba ka

Ɗana, tunda ka zaɓi aikin safiyo, kuma awon ruwa ne ya kwanta maka a rai, zauna ka ji.

Zurfi ba ya da ma'ana sai an faɗi inda aka fara ƙirga. Mu nan gulbi muka sani: na Zamfara ya cika a Jega da damina, ya janye da rani. Teku kuwa a Legas sau biyu yake cikowa ya koma a yini guda, saboda jan wata da rana. Don haka masu taswirar jiragen ruwa suke ɗaukar matakin da ruwa ke sauka mafi ƙasa su mai da shi sifiri, domin matuƙi ya tabbata ko teku ya janye iya janyewa, zurfin da aka rubuta yana nan ƙarƙashin jirginsa. Gano wannan mataki sai da haƙuri, domin sai bayan shekara 18.6 wata yake kammala zagayen da ke sauya ƙarfin cikowar. Shi ya sa ake girmama ma'aunin cikowar teku da ya shekara 19 yana rubutu.

A zamaninmu, in za a kai sifirin nan sabon wuri, sai a kafa sanda mai lamba a can, a zauna ana karanta ta lokaci guda da tsohon ma'auni. Ku yanzu kun samu sauƙi. Ka ɗora na'urar GPS a kan turken siminti da ke gefen ma'aunin, ka ɗora wata a sabon wurin, taurarin ɗan'adam su ba ka bambancin tsawo. Madalla, ban raina ba.

Amma ka san daga ina na'urar take ƙirga? Ba daga fuskar teku ba ne. Daga wata siffar duniya ce ta lissafi, sumul, da ake kira WGS84, wadda tazararta da matakin teku takan kai mita 20 ko fiye a sassan Najeriya, kuma tazarar tana sauyawa daga gari zuwa gari. Akwai lissafin gyara irin su EGM2008, sai dai su ma suna barin kuskure. Ga shi cikowar kanta ba ɗaya ba ce: wajen mita 1 a Legas, wajen mita 3 a Kalaba. Wanda ya ɗauki sifirin Legas ya dasa a Kalaba kai tsaye, tamkar ya sayi gero da mudun wata kasuwa ne ya je yana rigima a wata.

Kada ka ce wannan zancen mutanen bakin teku ne. Madatsar Kainji tun 1968 take tura ruwa baya har Yawuri, kuma ambaliyar 2020 ta nuna wa manoman shinkafar Kebbi abin da ƙarin ruwa kaɗan yake yi a fadama. In sandar Jega da wata ta ƙasa da ita ba su da sifiri ɗaya, gargaɗin da za a ba manomin Maiyama zai zo a karkace.

Akwai tashar GPS ta dindindin ta tsarin NIGNET a kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. In tana aiki, ɗaura awonka da ita. Bar na'ura ta yi awanni a kan turke, ka dawo wata rana ka maimaita. Nemi tsofaffin turakun gwamnati aƙalla biyu ka gwada lambarka da tasu. Sannan a shafin farko na littafinka, rubuta sifirin da ka yi aiki da shi, da kwanan wata, da lambar turken.