Gayya Ko Sa-kai? Darasi Daga Ranar Martin Luther King

'Yan'uwa ɗalibai, wannan darasi zai duba wasu kalmomi da muke yawan cakuɗawa a ajin fassara, musamman mu da muka koyi Hausa a makaranta. Misalin da za mu yi aiki da shi daga Amurka yake.

An haifi Martin Luther King ranar 15 ga Janairu, 1929, aka kashe shi a birnin Memphis a 1968 yana fafutukar neman 'yancin baƙar fata. A 1983 shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta ware Litinin ta uku a watan Janairu domin tunawa da shi, aka fara hutun a 1986. A 1994 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata dokar da ta nemi jama'a su yi amfani da hutun wajen yi wa al'umma aiki. Wasu sukan raba abinci ga mabuƙata, wasu su yi wa makarantu fenti, wasu su share unguwa. Ba a biyan kowa, ba a kuma hukunta wanda ya zauna a gida.

To, wace kalma ce ta dace da wannan aiki?

Da yawa daga cikinmu za su ce "gayya". Amma gayya tana da mai ita. Manomi ne yake gayyatar mutane su taya shi noma ko girbi ko ɗora jinka, ya tanadi fura da tuwo da goro, wani lokaci har da makaɗa masu zuga samari. Wanda ya zo ya san cewa ranar tasa gayyar shi ma za a zo masa, kuma wanda ya saba ƙin fita, gari ya san shi. Masu jin Yarbanci a cikinmu za su tuna da ọ̀wẹ̀, domin kusan abu ɗaya ne. A ranar King kuwa, yawanci mai aikin bai san wanda yake taimaka wa ba, kuma ba ya jiran ramuwa. Saboda haka a ganina "aikin sa-kai" ya fi dacewa, wato mutum ne ya sa kansa.

Kada kuma a kira duk aikin jama'a sa-kai. Tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ta samo asali a mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, dole ce, har da hana zirga-zirga aka haɗa ta. Haka ma yi wa ƙasa hidima da aka kafa a 1973: doka ce ta ɗora ta a kan wanda ya gama jami'a, ga kuma alawus.

Inda ake buƙatar hattara shi ne wajen sunan masu aikin. A labaran Zamfara da Katsina na 'yan shekarun nan, "'yan sa-kai" na nufin mutanen gari da suka ɗauki makami domin yaƙar 'yan bindiga. Idan mai fassara ya rubuta cewa dubban 'yan sa-kai sun fito a titunan Atlanta, mai sauraro a Gusau zai iya zaton rikici ne ya ɓarke. "'Yan agaji" kuma yakan kawo hoton masu kaki na ƙungiyoyin addini da ke tsara sahu a filin idi. Abin da ya fi aminci shi ne a ce "masu aikin sa-kai", sannan a faɗi aikin da suka yi a cikin jimlar: "Masu aikin sa-kai sun raba abinci ga marasa gida a Atlanta."