'Ya'yan Kirinjijiya a Tafkin Tiga

Tafkin Tiga, wanda ya samu bayan datse Kogin Kano a 1974, matattara ce ta kirinjijiya, agwagwar dajin nan mai farar fuska da yawan fito. Da damina takan yi sheƙa cikin ciyawar gaɓa, mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci kusan kwana 28. 'Ya'yan, masu duhun baya da ɗigon rawaya, sai sun kusan wata biyu suke iya tashi.

Idan ɗalibi ya ga uwar tana jan fiffike kamar ta karye, lafiyarta lau. Dabara ce ta janye maƙiyi daga 'ya'yanta da suka laɓe kusa. Kada a kwashe su da sunan taimako. A ja da baya, a tsare kare, masunta kuma su nisanta taru daga wurin.