Amsar Tambaya: Intanet ɗin Kebul Ya Ɗauke

Malam, kwamfutata ta daina samun intanet ta kebul, alhali wayoyin gida na samu.

Ɗan'uwa, in dai ta rautar gidan wayoyi ke samu, layinka lafiya lau. Leƙa inda kebul ya shiga kwamfutar: 'yar fitilar nan na ƙyaftawa? In a mace take, zare shi ka sake cusawa har ka ji ƙas, don ɗan harshen robar kansa kan karye. Sauya rami a rautar, tsawa kan ƙone ɗaya ta bar saura. Gwada wani kebul ma, ɓera ba ya tausayin kebul.

In fitilar na ci, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni a kwamfutar, ka rubuta ipconfig. Lamba mai farawa da 169.254 na nufin rauta ba ta ba kwamfutar adireshi ba. Kashe rautar minti ɗaya, ka kunna.