Tafiya Daidai da Takun Yara

Karatun wannan mako: Farawa 33:1-17

An rufe makarantu, yara suna gida. A Nijar babban hutu yakan kama daga watan Yuli har ƙarshen Satumba, watau tsakiyar damina, kuma a lokacin ne iyalai da yawa na birni suke ɗaure kaya su nufi garinsu domin kakanni su ga jikokinsu. Abu ne mai kyau, gama zumunci a ƙafa yake. Wataƙila kai ma ka riga ka je tasha ka tambayi kuɗin mota. Kafin ka biya, bari mu duba wani magidanci da ya yi doguwar tafiya da ƙananan yara.

Yakubu ya yi shekara 20 a Haran, a gidan kawunsa Laban: shekara 14 yana barantaka saboda Lai'atu da Rahila, shekara 6 kuma saboda garke. Sa'ad da ya kama hanyar komawa ƙasar mahaifinsa, yana da 'ya'ya maza 11 da 'yarsa Dinatu. Ka yi lissafin da kanka. Sai da ya cika shekara 7 aka yi masa aure, saboda haka Ra'ubainu, ɗan farinsa, bai wuce shekara 13 ba, Yusufu kuwa wajen shekara 6 yake. Yara 12 ke nan, duka ƙanana, a kan hanyar da ta fi kilomita 500, shi uban kuma yana ɗingishi tun daren da ya yi kokawa a bakin rafin Yabbok.

A nan ya gamu da wansa Isuwa, wanda ya zo da mutum 400. Mun saba tsayawa a kan rungumar da suka yi wa juna da kukan da suka yi, kuma ya kamata. Amma ka duba abin da ya biyo baya, daga aya 12. Isuwa ya ce su tashi su tafi tare. Tayi ne na alheri, da tsaro a ciki, da girma. Yakubu bai karɓa ba. Dalilin da ya bayar shi ne yaran ba su yi ƙwari ba, akwai kuma tumaki da shanu masu shayarwa, idan aka kora su da ƙarfi ko na yini ɗaya za a yi hasararsu. Ya roƙi wansa ya yi gaba, shi zai biyo a hankali gwargwadon abin da dabbobin da yaran za su iya.

Wani zai ce ai wayo ne irin na Yakubu, tunda ya ce zai iske wansa a Seyir amma sai muka gan shi a Sukkot. Ban musa ba, halin mutumin ba ɓoyayye ba ne. Amma ko da hujja yake nema, hujjar da ya kawo gaskiya ce, shi ya sa Isuwa bai ja da ita ba. Mazaje 400 babu mai goyo a cikinsu, babu wanda zai ce a tsaya yana jin fitsari. Tafiyarsu daban, tafiyar Yusufu daban. Yakubu ya san adadin yaransa da ƙarfin kowannensu, ya kuma yarda a bar shi a baya saboda su.

To, kai da takun wa ka auna tafiyar bana?

Mu ɗauki mutumin da ke aiki a Yamai, garinsu kuma yana wajen Maraɗi. Kilomita wajen 660 ne a kan babbar hanya, ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Konni, Galmi da Madawa. Idan Damagaram ne, kusan 900. Babbar mota takan tashi tun da asuba, a yini ana tafiya. Kai ka bi hanyar nan sau da yawa, ka san kana iya jurewa. Sai ka ce a ranka, ai yini ɗaya ne. Yini ɗayan nan ne Yakubu ya ji tsoro.

Ga yadda takan kasance. Domin a rage kuɗi, ba a saya wa ɗan shekara huɗu kujera, sai ya yini a cinyar uwarsa wadda take riƙe da jariri. An tashe shi tsakar dare bai ƙoshi da barci ba. Mafi muni, akan hana shi ruwa don kada ya dami mutane da maganar fitsari, alhali jikin yaro yana bushewa da sauri fiye da na babba. Kafin a kai Konni ya fara kuka, uban ya ji kunyar fasinjoji, ya daka masa tsawa ko ya kai masa hannu. Yaron bai yi laifin kome ba. An ɗora masa tafiyar manya ne.

Idan aljihunka zai iya, ka saya masa kujerarsa, ko da za ka rage tsarabar da ka yi niyyar kai wa dangi. Ka ba shi ruwa kaɗan kaɗan a kai a kai, ka riƙe guzurin da cikinsa ya saba da shi maimakon duk abin da aka miƙo ta taga. Duk inda mota ta tsaya, kai ne za ka sauka da shi, kada ka bar wa uwarsa kome da kome. In kana da ɗan'uwa a Dogon Dutsi ko Konni, babu abin kunya ku kwana ku ƙarasa washegari. Ka kuma bar shi ya zauna ta wajen taga. Bayan an bar Yamai kaɗan, a yankin Kure, wani lokaci akan hangi raƙuman dawa daga kan hanya, yaro kuwa zai riƙa ba da labarin har shekara ta zagayo.

Isowa gida ba ita ce ƙarshen tafiyar yaro ba. Kai ka dawo inda aka binne cibiyarka, shi kuwa ya zo baƙon wuri. Dare yana da duhun da bai saba gani ba, masai yana can bayan gida, fura da tuwon gero ba irin na gidanku ba ne, 'yan'uwansa kuma suna dariyar Hausarsa mai gauraye da Faransanci. Sa'an nan a jera shi gida gida ya durƙusa ya gaishe da mutum ashirin a yini guda. In ya noƙe a bayan uwarsa, sai a ce ɗan birni ba shi da tarbiyya, kai kuma ka huce kunyarka a kansa. Kada ka yi haka. Ka raba gaisuwar kwana uku ko huɗu, ka koya masa kalmomin tun kuna hanya, ka raka shi bayan gida da fitila ba tare da gori ba. Ke kuma 'yar'uwa, in surukarki ta yi magana a kan cin abincinsa, ki amsa da ladabi, amma kada ki ɗura masa don a yaba miki.

Ka tuna da masu masauki ma. Watan Agusta lokaci ne da hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana kuwa bai nuna ba, tsofaffi kuma suna yini a gona. Ba za su taɓa gaya maka ba. Buhun gero ko na shinkafa da ka sauke a ƙofar gida ya fi musu turmin atamfa.

Yanzu maganar da ta fi nauyi. Hutun nan ya faɗo daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kashe ƙananan yara a ƙasashenmu. Ka sa sange, watau gidan sauro mai magani, a cikin kayanka, kada ka dogara cewa za a samu a can. Tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi sau ɗaya kowane wata a lokacin damina, Nijar kuma ta fara a 2013. Kwana uku ake shansa: na farko a gaban ma'aikacin lafiya, sauran biyun a gida. Yaron da ke kan hanya yana iya kuskure zagaye guda ba wanda ya lura. Ka tambayi ranar rabon kafin ku tashi, ka tafi da katinsa, ka nuna shi a gidan likita na garinku. Haka ma katin allurar rigakafi, domin tun 2024 Kamaru da Nijar sun sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin alluran jarirai, ko da shike ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin sange ba.

In jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira a ga abin da gobe za ta yi. In ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko tsakar dare ne a nemi abin hawa. Saboda haka tun ranar da kuka sauka ka san inda gidan likita mafi kusa yake, ka kuma ware kuɗin da ba za a taɓa ba.

Ruwan sha a tafasa masa. In zawo ya kama shi, ka ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. In babu na ƙunshi, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Tabki da kududdufi kuwa, waɗanda suka cika a wannan lokaci, yaran gari sun san zurfinsu, naka bai sani ba. Ban da nutsewa, a irin ruwan nan ake ɗaukar tsargiya.

Kada duk wannan ya sa ka fasa tafiyar, ko ka tsare yaron a ɗaki. Ka bar shi ya bi kakansa gona da safe kafin rana ta yi zafi, ya riƙe igiyar akuya, ya ji tatsuniya a bakin kakarsa, in kun kai Satumba ya ci tumu. Ka ajiye wayarka ka zauna tare da su. Idan kuna addu'ar iyali da dare, ka gajarta ta yadda ƙaramin zai kai ga Amin idonsa biyu.

A Sukkot, Yakubu ya gina wa kansa gida, ya yi wa dabbobinsa bukkoki, aka zauna aka huta kafin a ci gaba. Kai ma kada ka dawo da yara ana gobe komawa makaranta. Ka bar musu kwana huɗu ko biyar barcinsu ya daidaita. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki kwana 10 zuwa 15 bayan cizo kafin ya fito, saboda haka ka riƙa taɓa goshinsu har mako biyu bayan dawowarku, in kuwa kun je wurin likita, ka gaya masa garin da kuka je da ranar da kuka baro shi.