Ba da 'yan sanda ake sayen riɗi ba

Ni dillalin riɗi da zoɓo ne a kasuwar Dawanau, kuma maganar nan ta daɗe tana ci mini rai. Sito ne na wani aminina marigayi, yau a garƙame yake, kuma ɗansa ne ya rufe shi da bakinsa.

Marigayin, wato Alhaji, yana da wani dattijo a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, shi ke tattara masa riɗi daga hannun manoma tun kafin a haifi yaron. Babu takarda tsakaninsu. Kaka na gabatowa Alhaji zai aika kafin alƙalami, dattijo ya raba wa mutanensa, kaya su zo a kan lokaci. In aka yi rasuwa a ƙauyen, Alhaji zai bar ciniki ya tafi gaisuwa. Da azumi ya aika sukari da shinkafa. Yaron yana ganin duk wannan ɓarnar kuɗi ce da lokaci.

Bayan rasuwar Alhaji yaron ya karɓi cinikin. A kakar 2022 lodi ya iso, kamfanin da yaron ke sayar wa ya tankaɗe, aka sami yashi da ɗanshi a wasu buhuna, aka zaftare masa kuɗi. Asara ce, ba na musu, kuma yana da haƙƙin ya nemi a mayar masa. Na ce masa, “Ɗana, kira Baba, ka gaishe shi, ka tambayi iyali, sannan ka ce an sami matsala. Ko ka bari ranar Alhamis mu je kasuwar Maigatari tare, a zauna.” Ya ce, “Kawu, wannan zamanin ya wuce. Yanzu kasuwanci ake, ba zumunci ba.” Na san inda ya kwaso maganar: wajen masu koyar da neman kuɗi a waya, waɗanda ba su taɓa ɗora buhu a kan sikeli ba.

A daren ya yi saƙon murya, ya kira dattijon macuci, ya ambaci sunansa da na ƙauyensu, ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa. Kafin asuba saƙon ya isa ƙauyen, jikokin mutumin sun saurara. Bai tsaya nan ba, sai ya ɗauki 'yan sanda har ƙofar gida, aka fito da mutumin da ya haifi kamarsa a gaban maƙwabta.

Da aka bincika, buhunan na wani manomi ne guda da dattijon ya yarda da shi bai buɗe kayansa ba. Magana ce da za a kashe a zama ɗaya, a cire a lodi na gaba, kamar yadda ake yi kullum. Dattijon ya sayar da sa biyu ya biya kuɗin cif, bai nemi ragi ba, bai ce uffan ba.

Sai ga canjin kuɗi. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, manoman ƙauye ba sa karɓar tiransifa, wasu ma ba su da asusun banki. Wanda aka sani shi ake ba kaya, a ce in kuɗi sun samu ka kawo. Da haka muka yi lodi a watannin nan, da sunayenmu kawai. Yaron yana da kuɗi a banki da yarjejeniya da kamfani, ya zaga yankin bai sami ko tiya ɗaya ba. Kowa ya ce kaya sun ƙare. Kayan suna nan a rumbu, saƙon muryar ne mutane ba su manta ba. Wa'adi ya cika, kamfani ya koma wajen wani, masu bin sa bashi suka taso. Daga baya na raka shi ya ba da haƙuri, dattijon ya ce ya yafe duniya da lahira, amma manoman sun riga sun kama wani uban ɗakin.

Ga abin da nake so matasa su ji. Ka nemi haƙƙinka, amma ka bar wa mutum mutuncinsa. Magana mai zafi a fuska da fuska ake yin ta, a cikin ɗaki. Abin da ka tura a waya ba ya dawowa.

Kuma ku daina kai maganar ciniki ofishin 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Akwai shugabannin kasuwa, akwai dattawan layi, akwai Hisba, akwai zauren sasanci na babbar kotun jihar Kano. Duk waɗannan suna iya karɓo maka kuɗinka ku kuma ci gaba da ciniki. Wanda ka sa aka zaunar a bayan kanta ba zai ƙara auna maka kaya da zuciya ɗaya ba, haka 'ya'yansa.

Ina kuma jin haushin dillalan bogi, masu yawo da waya ba su da ko benci a kasuwa. Su ne ke zuga yara, “ka nuna masa kai ba kanwar lasa ba ce,” don in an ɓata su kawo nasu mutumin su ci la'ada. In kaya sun lalace ba za ka gan su ba. Kada ka ɗauki shawarar wanda zai ci riba in kun rabu.

Lokacin da aka rufe iyakar Nijar a watan Agustan 2023, mun sake ganin amfanin zumunci a ciniki. Waɗanda kayansu suka maƙale a can kuma suna da fatoman kirki, an adana musu har aka buɗe. Waɗanda suka saba tashi daga wannan hannu zuwa wancan saboda ragin da bai taka kara ya karya ba, babu wanda ya kula musu da ko buhu ɗaya.

Ban ce a yi ciniki babu rubutu ba. Ku rubuta, ku buɗe buhu, ku duba ɗanshi a gaban mai kaya kafin a ɗora a mota. Amma in matsala ta zo, kar ka kira kana cikin fushi, kar ka yi saƙon murya. Na sake faɗa: kar ka yi saƙon murya. In ba za ka iya riƙe harshenka ba, tura babba ya yi magana a madadinka. Ka je jana'iza, ka je suna, ka kira mutum ko ba lokacin kaya ba ne. Direbobi da 'yan dako kuma a biya su a ranar, ba tare da tsawa ba, domin su ne ke fara jin wane ƙauye ke da kaya da wanda ke zuba yashi.