Tsananin Zafin Bazara: Gargaɗi da Shirin Kare Lafiyar Jama'a

Jama'a sun san zafin bazara tun kaka da kakanni, har da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Amma ya kamata a sani cewa zafi idan ya tsananta kwanaki a jere yakan kashe mutane kamar annoba. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A aikin Hajjin wannan shekarar kuma alhazai fiye da 1,300 suka rasu, yawancinsu saboda zafin rana.

Aikin Gargaɗi

A Nijeriya, Hukumar Kula da Yanayi, watau NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, ita ce ke auna yanayi tana bayyana abin da ake tsammani. Idan ta hango tsananin zafi takan sanar ta rediyo da talabijin da jaridu, kamar yadda ta yi a watan Fabrairun 2024. Amma gargaɗin da ya tsaya a ofis bai isa cikin gida ba, ba ya ceton kowa.

Darasi daga Indiya

A 2010 zafi ya hallaka mutane fiye da 1,300 a birnin Ahmedabad. Saboda haka a 2013 hukumar birnin ta tsara shiri mai matakai uku, rawaya da ruwan lemo da ja, kowane mataki da aikin da aka ɗora wa asibitoci da ma'aikatan ruwa da masu yaɗa labari. Tun kafin zafi ya zo kowa ya san aikinsa.

Misalin Tirwun

Mu ɗauki Tirwun a cikin Bauchi, inda zafi ya fi tsanani daga Maris zuwa Mayu. Ga yadda ya kamata a tsara:

1. Da an ji gargaɗi a rediyo, mai unguwa ya sa a yi shela, limamai kuma su maimaita bayan salla.
2. A san gidajen tsofaffi, da masu juna biyu, da jarirai, da masu ciwon suga ko hawan jini, a riƙa leƙa su safe da yamma.
3. Magina da manoma da 'yan ga-ruwa su yi aikin ƙarfi da sassafe, su huta a inuwa daga hantsi zuwa la'asar.
4. Ɗakin shan magani ya tanadi ruwan gishiri da sukari.
5. A yawaita shan ruwa tun ba a ji ƙishi ba. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono za a ƙara masa.

Alamun Haɗari

Wanda jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya ruɗe, ko ya suma, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a gaggauta kai shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa.

Lalle ne kowace unguwa ta zauna ta raba waɗannan ayyuka tun cikin hunturu, gama rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kiyashe mu, amin.