Amsar Tambaya: Babur a Dajin da Babu Sabis

Tambaya: Ina kai maganin dabbobi rugage a kan babur ta wajen Gashaka, inda waya ba ta kamawa. Maiɗakina ba ta barci sai na dawo. Na'urar tauraron ɗan'adam za ta taimaka?

Amsa: Malam, za ta taimaka ƙwarai, kuma damuwar maiɗakinka tana kan hanya. Wanda ya faɗi a cikin kwazazzabo ya karye, babban haɗarinsa shi ne a rasa inda za a neme shi.

Garmin inReach tana aiki da taurarin Iridium guda 66, tana aika inda mutum yake duk bayan minti 10, ana kuma musayar saƙo da ita. Sai dai akwai kuɗin wata-wata. Ita kuwa na'urar SPOT ta dogara da taurarin Globalstar, don haka a duba taswirar yankunan da take kamawa kafin a saya.

Maɓallin SOS na na'urar wata cibiya yake sanarwa a ƙasar waje, ita kuma ta nemi hukumomin gida, abin da kan ɗauki lokaci. Mai zuwa da sauri ɗan'uwa ne. Ka ajiye magana da mutum ɗaya: in alamar inda kake a taswira ta tsaya awa biyu ba saƙo, ya taso.

Ka maƙala na'urar a kafaɗar riga tana kallon sama, domin in an faɗi, babur kan yi gabas mai shi ya yi yamma. Kada ka baza taswirar tafiyarka a Facebook, masu garkuwa ma suna da waya. Ka kuma tambayi jami'an tsaro tukuna, domin a 2013 sojoji sun haramta wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya a Borno.